Giyar da Malam Gwadabe Ya Hutar

Duk wanda ya saba bi ta bakin titi a Zaitawa, cikin birnin Kano, da sassafe ya san Malam Gwadabe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo siriri mai farin gemu, wanda za ka tarar a tsugune gaban wata tsohuwar jif a cikin kangon da ke kusa da masallaci, yana leƙen ƙarƙashinta kamar wanda allurarsa ta faɗi. Motar ba ta shiga lungun gidansa, domin lungun ko kurar ruwa sai mai turawa ya yi dabara. Saboda haka a kangon take kwana, ƙarƙashin rumfar kwanon da ya kafa mata da hannunsa. Bokolo yake ce mata, sunan shanun nan masu kauri da gajeren ƙaho. In ka gan ta ba za ka tambayi dalili ba.

Shi ba haifaffen birni ba ne. A ruga aka haife shi, can yamma, in ka fita ta Ƙofar Kabuga ka miƙa, ka sauka daga kwalta, ka yi ta tafiya har ka haye wani rafi mai yashi. Mahaifiyarsa ta rasu ba a yaye shi ba. Yayarsa Larai, wadda ita ma a lokacin ba ta gama zama mutum ba, ita ta goya shi. Da shi a baya take tatsa, da shi take kai tallar nono. Da ya tasa, wani kawunsa mai sayar da dabbobi ya kawo shi Zaitawa, ya sa shi a allo ya ɗan taɓa, sannan ya haɗa shi da wani direba ya zama yaron mota. Nan ya koyi tuƙi. Ya yi wa mutane shekara da shekaru, har Allah ya hore masa ya sayi Bokolo a wurin gwanjo, ita ma a lokacin ta riga ta ga jiya ta ga yau.

Da ita ya yi sana'a. Ya kai dusa da gishiri da kanwa rugage, ya dawo da nono da man shanu da mata da kayansu, wata rana da mara lafiya a shimfiɗe a baya. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya aurar da 'ya'ya. In damina ta yi nisa, hanya ta yanke, masu motocin haya suka ce sai kaka, kukan Bokolo kaɗai ake ji a waɗancan ƙauyuka.

'Yan unguwa sukan ce Malam Gwadabe bai bar kiwo ba, saniyar ce kawai ta sake kama. Kuma akwai gaskiya a maganar. Kowace yamma yakan share ƙarƙashin motar, ya baza farin yashi, ya lallaɓe shi da tafin hannu ya yi sumul. Da safe, kafin ya taɓa komai, wannan yashin zai fara dubawa, yadda makiyayi ke duba kashin saniya ya san abin da ke cikinta. Baƙin ɗigo daga gaba, baƙin mai ne, kuma in ɗan kaɗan ne ba ya damuwa, ya ce tsufa ne, kowa ma yana yi. Ɗigo mai kauri mai wari daga tsakiya ko baya, man giya ne, sai a ƙara. In kuwa ya ga laima kusa da taya ta ciki, to ranar ba inda za a je sai an san abin da ya sami birki. Awakin unguwa sun sha shiga su ɓata masa karatu, har sai da ya tare bakin kangon da tsohon kwano.

Bayan yashi sai ya ɗaga bonet. Ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya danna fambel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya goge kan batir. Sannan ya zaga tayoyi da tsohuwar ƙusa, yana ciro tsakuwa da ƙaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire wa sa kaska. Ranar Alhamis ta giris ce: zai shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine, ya bi gaɓoɓinta kaf, ba ya tsallake ko ɗaya. In daga tafiya ya dawo kuwa, ba ya shiga gida sai ya wanke lakar da ta maƙale a ƙarƙashi, don ya ce laka gara ce, a ɓoye take ci. Matarsa Sa'adiyya ta gaji da jiransa abinci na hucewa, ta koma aika masa kwanon can.

Abu ɗaya ne ba ya taɓawa. Gefen babbar giya akwai wata 'yar gajeriya mai jan kai, giyar taimako, wadda direbobi ke ce wa ogzilari. In aka ja ta, ƙafafun gaba su ma sai su kama aiki, motar ta riƙa tafiya sannu da ƙarfi kamar takarkari, ta ratsa yashi ta ratsa laka. Wannan giyar Malam Gwadabe yana ganin girmanta ƙwarai. Har kube ya sa baduku ya ɗinka mata na jar fata, don kada fasinja ya dafa ta ko gwiwa ta buge ta. A wurinsa ita ce san noma, wanda ba a wahalar da shi da rani, sai a ciyar da shi a bar shi ya tara ƙarfi don ranar huɗa. A da, kowace damina tana shan aiki. Amma da aka zuba wa hanyar rugar burji, aka yi kwalbati a kan rafin, sai buƙatarta ta kau. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, giya tana cikin kubenta. Shi kuwa murna yake yi. Yakan shafa kan kuben ya ce, "Huta abinki, kin yi mai wuyar."

To, ana nan, cikin tsakiyar marka, matar autansa Fa'izu ta haifi mace. Fa'izu ma'aikacin ofis ne, shi da iyalinsa suna da sashe a nan cikin gidan. Ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, in ka amince, sunan Gwaggo Larai zan sa mata."

Larai dai laƙabi ne, ainihin sunanta Halima, kuma a duk zuri'ar ba a taɓa yi mata takwara ba. Malam Gwadabe ya daɗe yana duban tabarma, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Adda Larai, kamar yadda yake kiranta, ta tsufa tukuf. Tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta bai koma daidai ba, ba ta iya zama a kan babur, kuma rabonta da Kano an daɗe. In an gayyace ta sai ta ce birni hayaniya ce. Amma da aka kira wayar ɗanta Ɗahiru, ya kara mata a kunne ta ji labari, sai ta ce, "In yaron nan zai zo da motarsa, shi da kansa, zan zo in ga takwarata. Ba na shiga ta kowa."

Yaron nan shi ne Malam Gwadabe, da farin gemunsa da jikokinsa. Ya ce, "Zan zo, Adda." Ya kuwa san cewa a shekarunta, irin wannan tafiya ba a cewa a bari sai baɗi.

Ana jibi suna, Ɗahiru ya kira da safe.

"Kawu, ruwan jiya ya tafi da kwalbati. Sai dai ta tsohuwar hanya, ta mashigin yashi."

"Ruwan ya kai ina?"

"Gwiwa, in ba a ƙara wani ba."

Malam Gwadabe har da murmushi. Ai ga ranar huɗar ta zo. Ya tafi kango, ya shiga mota, ya zare kuben a hankali ya ajiye gefe. Ya yi bisimilla, ya taka kuloci, ya ja. Ko gezau. Ya tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi, ya sake ja. Ya sa hannu biyu. Kamar an dasa ta a cikin siminti. Ya kashe motar ya zauna, hannunsa a kan jan kan giyar, yana jin awaki na kuka a bayan kwano. Ba tare da ita ba, Bokolo ba za ta haye yashin mashigin ba, ya san haka fiye da kowa, don ya sha ciro motocin wasu daga cikinsa.

Bai yi wata-wata ba ya aika a kira masa Malam Ɗalha. Shi tsohon bakanike ne, garejinsa na wajen Ƙofar Kabuga, amma ya bar wa yaransa aiki, nasa cin goro ne da ba da umarni. Babarbare ne, saboda haka tun suna samari shi da Gwadabe ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya sauka daga adaidaita sahu da jakar sifanu a hammata, tun daga bakin titi yake ɗaga murya.

"Ina Bafillacen? An ce saniyarka ta ƙi tashi!"

"Tashi tana tashi, bawana. Ƙaramar giyar ce ta ƙi."

Ɗalha ya hau, ya ja, ya girgiza, ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya juyo.

"Yaushe rabonka da sa ta?"

"Tun kafin a yi kwalbati."

"La ilaha illallahu! To me ka yi mata?"

"Ba abin da na yi mata. Hutar da ita na yi."

Ɗalha ya dube shi, ya dubi kuben da ke kan kujera, ya ɗauka ya juya shi. Sai dariya ta ƙwace masa, har hularsa ta faɗi cikin mota.

"Har da riga! Saura ka rataya mata laya ka kai mata harawa. Kai, Allah ya yi Bafillace! Gwadabe, sa in ya huta ƙiba yake yi. Ƙarfe in ya huta tsatsa yake yi. Ko ƙofar ɗaki ce ka rufe ka daina buɗewa, ai ranar da ka zo sai ta ƙi ka."

"Na ji. Yanzu gyara za ka yi ko wa'azi?"

"Sai ka ce ranka ya daɗe."

"Ubangida ba ya ce wa bawansa haka."

Ɗalha ya karɓi buhu yana gunaguni, ya shige ƙarƙashi, ya kwance wani ɗan murfin gwangwani, ya kira shi ya gani. Sandunan ƙarfen da ke shiga da fita in an ja giyar sun yi jawur, tsohuwar laka da tsatsa sun haɗe su kamar daddawa. Shekara da shekaru Malam Gwadabe yana wucewa ta gefen wannan murfi da giris ɗinsa, bai taɓa tunanin akwai abin da ke lalacewa a wurin da ba a mora.

"Hanya biyu ce," in ji Ɗalha daga kwance. "Ko in sa mata guduma, ko dai ta saki ko ta karye. In ta karye kuwa, irin wannan kayan sai an yi cigiya a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba yau ba, ba gobe ba. Ko kuma mu jiƙa ta da kananzir mu bi ta da lallashi, amma ban ce maka ga lokacin da za ta yarda ba."

"Lallashi."

"Na san haka za ka ce."

Haka suka wuni. Ɗalha yana tsoma gashin kaza a kananzir yana ɗiga wa sandunan, yana ɗan ƙwanƙwasa su da ƙotar guduma. Gwadabe yana sama yana rausaya giyar gaba da baya, ba da ƙarfi ba. Suka yi azahar suka dawo, suka yi la'asar suka dawo. Kwanon Sa'adiyya ya zo, Ɗalha ya cinye fiye da rabi, ya ce ladan bawa ne tunda an ce shi bawa ne.

Fa'izu ya taso daga ofis ya biyo ta kangon. Ya tsaya ya ga yadda ake ciki, ya tsuguna gefen ƙofar motar.

"Baba, in abin bai yiwu ba ai ba dole. In an yi arba'in sai mu kai mata jaririyar har gida. Ko a sami masu babur su haye da ita."

"Adda ba ta hawa babur."

"To a bari hanya ta gyaru mana."

Malam Gwadabe bai daina rausaya giyar ba. Sai can ya ce, "Tun da nake, ba ta taɓa ce mini yi mini kaza ba. Yau ta ce. Ni kuma na ce zan zo."

Fa'izu ya miƙe. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ce wa Malam Ɗalha ya fito ya miƙe baya, ya karɓi gashin kazar. Har aka kira magariba giya ba ta motsa ba. Suka naɗe sandunan da tsumma jiƙe da kananzir, suka bar ta ta kwana a haka.

Washegari, ana gobe suna, daga masallaci Malam Gwadabe bai koma gida ba. Ya hau motar ya kama giyar, sai ya ji ta ɗan gusa, gusawar da ba ta fi ƙwayar gero ba. Bai gaya wa kowa ba, kada baki ya kama ta. Ya ci gaba da rausayawa har Ɗalha ya iso ya sake shigewa ƙarƙashi. Ɗiga, ƙwanƙwasa, rausaya. Rana ta ɗaga, inuwar rumfa ta fara janyewa, sai suka ji ƙaras! Giya ta shige.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Gwadabe, a hankali, kamar kada ta ji ta fasa.

"Alhamdu lillahi, kuma na gode Malam Ɗalha," in ji Ɗalha daga ƙasa. "Ƙarasa mana!"

Ya kankare tsatsar, ya cika wurin da giris, ya mayar da murfi. Ya sa Gwadabe ya yi ta sa giyar yana cirewa har ta koma laushi kamar ludayi a miya.

"Daga yau, duk ranar da ka yi giris, ka sa ta ka ɗan zaga da ita. A kan ƙasa, ba a kwalta ba. Rigar kuwa ka ba ni, zan riƙa zuba goro." Ya jefa jakar sifanunsa a gaban mota, ya hau ya zauna.

"Ina kuma za ka?"

"Ba na sakin Bafillace shi kaɗai da aikina. Kuma na ji an ce akwai kindirmo."

Suka fita ta Kabuga. Gero ya yi kai, dawa ta yi duhu, ko'ina kore shar. Suka bar kwalta, suka bar burji, suka kama tsohuwar hanyar da ciyawa ta kusa cinyewa. A bakin mashigi Malam Gwadabe ya tsaya. Ya sauka, ya naɗe wando, ya ɗauki sanda ya shiga ruwan da ƙafa, yana caccakar ƙasa har ya kai wancan gefe ya dawo. Ya rage wa tayoyi iska kaɗan don su baje a kan yashi, ya ɗaure buhu a gaban lagireto. Sannan ya hau, ya yi bisimilla, ya ja ƙaramar giya. Muryar Bokolo ta sauya, ta yi kauri. Ta gangara cikin ruwa a hankali. Da suka kai tsakiya ƙafar baya ta zame, motar ta ɗan karkace, ruwa ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Ɗalha ya ɗage ƙafafu yana salati.

"Bawana, ka iya ruwa kuwa?"

"Tuƙi, Gwadabe! Don Allah tuƙi!"

Ƙafafun gaba suka kama ƙasa, suka ja. Bokolo ta fito tana zubar da ruwa ta ko'ina, ta hau tudu. Malam Gwadabe ya yi ta taka birki sannu-sannu har ya bushe, gemunsa yana motsi.

Sun tarar da Adda Larai a zaune a kan turmi a ƙofar bukka, ta yi lulluɓi tun safe. Ga ƙullin kayanta, ga ƙwaryar man shanu an rufe da faifai.

"Ka makara," in ji ta.

"Hanya ce, Adda."

"Ba hanya ba ce, Adda," in ji Ɗalha. "Ƙaninki ne ya ɗinka wa ƙarfe riga, ya ce..."

Ta kare ido da hannu ta dube shi. "Gwadabe, duk Kano ba ka sami yaron mota ba sai Babarbare?"

"Shi na tsinta, Adda."

"To a ba shi nono ya sha, ya koma baya. Ni ce a gaba."

Ɗalha ya sha kindirmonsa, ya koma baya tare da Ɗahiru yana cewa an yi masa taron dangi. Aka ɗaga tsohuwa aka zaunar, aka tokare mata ƙugu da matashi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, saboda haka ba su zauna ba. Ruwan mashigin ya ɗan ƙaru, amma yanzu Malam Gwadabe ya san inda ramin yake, ya kauce masa. Ita Adda ko dafa ƙofa ba ta yi ba. Ta dai dubi ruwan ta ce, "Ta nan Baffanmu yake hayewa da shanu." 

Sun shigo Zaitawa ana fara yayyafi. Fa'izu na tsaye a bakin lungu da kujera, wai a ɗauke ta a kai. Ta ce ita ba gawa ba ce. Ta kama hannunsa, ta dogara sandarta, ta bi lungun taki ɗaya bayan ɗaya, mata suna leƙowa ta ƙofofi suna yi mata sannu da zuwa. Sa'adiyya ta tare ta a tsakar gida, ta ce ta fara hutawa ta sha ruwa. Ta ce ba ruwa ta zo sha ba.

Aka kai ta ɗakin mai jego, aka ɗora mata jaririyar a cinya. Ta buɗe zanen, ta matso da ita kusa da idonta. Ta duba yatsu, ta shafa kai, ta daɗe tana kallo. Malam Gwadabe yana tsaye daga bakin ƙofa, wandonsa har yanzu da laima.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Gwaggo," in ji Fa'izu.

"Hancin dai namu ne. Kunnuwan kuwa na Gwadabe ne, Allah ya kyauta."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka lafa, Malam Gwadabe ya yi gyaran murya.

"Adda, in an yi suna gobe, yaushe kike so in mayar da ke? Don in san yadda zan shirya."

Ba ta ɗago ba. Ta gyara wa jaririyar zane a wuya.

"Wa ya ce maka komawa zan yi yanzu? Yarinya ko wuyanta bai tsaya ba. Ɗahiru ya koma ya kula mini da kaji. Ni sai an yanke gero."

"To, Adda."

Ya juya ya fita tsakar gida cikin yayyafi, ya sami Sa'adiyya a bakin murhu, ya ce a kwashe buhunan da ke ɗakin gabas, a share, a shimfiɗa katifa mai laushi.